Abin da Njakoi Yake Bar wa Ƙudan Zuma

Ni da Njakoi shekara ɗaya aka haife mu, gonar dankali ce kawai ta raba gidajenmu a gefen Elak. Mun fi shekara arba'in muna hawa dajin Kilum tare, kowa da amyarsa a ka, amma ba mu taɓa daidaitawa a kan magana guda ba: in mutum ya buɗe amya a ƙarshen kakar zuma, nawa zai yanka, nawa zai bari. Ni sunana Kelese. Tun da shi ya riga ni tafiya, bari in ba da labarinsa yadda na gani.

Gajere ne, mai kaurin wuya, kunnensa na hagu ba ya ji sosai tun wani zazzaɓi da ya yi yana yaro. Saboda haka in yana magana sai ka ce da wani yake a ƙetaren rafi. Sana'ar a wajen mahaifinsa, Ba Ful, ya koya, kamar yadda ni ma na koya a wajen nawa. Da rani mu saƙa amya da gora da gwangwala, mu lulluɓe ta da ciyawa, mu kai ta kwari wajen Ibal inda ake da ɗumi. In ƙuda sun shiga sun zauna, mu toshe bakin, mu ɗora a gammo, mu hau da ita dutse. Tafiyar awa huɗu ce in ƙafa lafiya, ga su suna gunaguni a saman kanka. Daga Afrilu zuwa Yuni itatuwan daji suna fure, farar zuma ta cika. Daga nan sai ruwa da sanyi su kama, wata uku ƙuda ba sa samun abin kirki a waje, abin da ke cikin ɗaki shi za su ci.

Ba Ful ya rasu Njakoi yana da shekara ashirin da shida, ya bar masa amya talatin da ɗaya, duk da ƙuda a ciki. Shekarar da ta biyo baya dangi suka sa ranar babban makoki, wanda ake tara jama'a, dodanni su fito, a buga bindiga. Fai, babban danginsu, ya kira shi ya ce, "Ubanka mai zuma ne. Kada a zo makokinsa a sha bammi kawai a tashi. Giyar zuma nake so, wadda za a yi ta maganarta har Kumbo."

A lokacin Njakoi ya riga ya yi yanka ɗaya a Mayu, ya sayar. Ya ce, "Baba, Yuni ta kusa ƙarewa. Abin da ya rage a ciki nasu ne."

Fai ya ce, "Nasu su wa? Ƙudan ne za su binne ka in ka mutu?"

Njakoi ya bi umarnin Fai, ni na raka shi. Kwana uku muka yi muna hawa muna sauka. Amyarmu ta baya ake buɗe ta, zuma tana can ƙarshe, 'ya'ya kuma suna gaba kusa da ƙofa. Muka yi hayaƙi, muka yi ta yanka saƙa bayan saƙa har sai da wuƙa ta taɓa 'ya'yan. Ba mu bar ko ta lasa ba. An yi makoki mai kyau, gaskiya. Har yau akwai tsofaffin da ke tuna giyar nan.

A tsakiyar Agusta, ranar da ruwa ya ɗan tsagaita, ya ce in zo mu je mu duba ko iska ta yaye ciyawar amyoyin. Tun daga nesa na san akwai matsala, don ko a damina in ka kara kunne a jikin amya za ka ji motsi. Shi da kunnensa ɗaya ya kara, ya juya ya kara ɗayan, sannan ya ce da ni, "Kai zo ka ji, ni nawa ba ya aiki." Na kara. Shiru. Muka buɗe. Wasu amyoyin babu kowa, sun tashi sun bar gidan. Wasu kuma suna nan a mace, kowane ƙuda ya cusa kansa cikin ramin saƙa yana neman abin da ya rage, ya bushe a haka, sai gindinsu kake gani a jere. Ya daɗe yana kallon wata saƙa a hannunsa. Ya ajiye ta, muka wuce ta gaba. Cikin talatin da ɗaya, huɗu muka samu da rai.

A hanyar dawowa na ce masa, "To mene ne? Rani na zuwa. Mu sauke su Ibal, wasu su shiga. Haka nake yi duk shekara."

Ya ce, "Kai ke nan. Waɗannan akwai waɗanda suka shekara tara a wurinsu tun Baba yana hawa da ƙafarsa."

Abin da na faɗa masa shi ne tsarina, kuma shi ne na mutane da yawa a lokacin. Ka kwashe duka, ƙuda su san inda za su nufa, da rani ka sauke amya kwari ka kama wasu. Wuya ce ke shan wahala, amma bokiti yana cika. Shi kuwa daga wannan shekarar ya juya. Shekara uku ya yi yana jigilar amya kafin ya maido da abin da ya rasa, a nan ne wuyansa ya ƙara kauri.

Da farko ya wuce gona da iri. Shekarar da ya auri Sabina, 'yar ƙauyen Jikijem, ya hau dutse da bokiti biyu ya dawo da rabin ɗaya. Kusan duk abin da suka tara ya bar musu. Sabina ta leƙa bokitin ta ce, "Wannan ta magani ce ka samo wa wani mai tari?"

Ya ce, "Sauran tana can a ajiye."

Ta ce, "A ajiye wa wa? Ashe ƙuda na aura ban sani ba. To gobe ka kawo su su yi mana noman wake."

Kuma abin bai yi masa daɗi ba. Amyar da aka bar ta cike maƙil babu wurin sabon aiki, ƙudan suka rabu suka yi ta tashi tun kafin fure ya buɗe sosai. Tsohuwar zumar ta daskare ta yi tauri, ta yi baƙi, ɓeraye suka huda amya biyu, kwarkwasa ta cinye uku. Da Mayu ta zagayo abin da ya samu bai kai rabin nawa ba. Na yi masa dariya son raina a kasuwa, a gaban mutane. Na ce, "Ga mai ciyar da ɓera ya iso, ku ba shi wuri."

Ya ce, "Yi dariyarka, Kelese. Kai da wuyanka ya fara lanƙwashewa kamar na agwagwa."

A hankali ya gano ma'auninsa. Yankan farko, na Afrilu ko farkon Mayu, yakan zurfafa, don akwai sauran fure, za su mayar. Yankan ƙarshe kuwa sai ya tsaya. Kafin ya buɗe, zai sa kafaɗa ya ɗaga gindin amyar ya ji nauyinta. Zai ɗaga kai ya dubi itatuwa, fure nawa ya rage, nawa ruwa ya kakkaɓe. In ya buɗe, sai ya zura hannu ya lalubo inda 'ya'ya suka tsaya, daga nan ya ƙirgo saƙa huɗu masu cike da zuma ya bar su, abin da ya biyo baya shi ne nasa. In ƙudan suna da yawa ya bar biyar. In amyar sabuwar hawa ce, wadda ba ta shekara ba, sau da yawa ya mayar da murfi ya ɗaure bai ɗauki komai ba. Bayan tsakiyar Yuni kuma ba ya buɗe amya ko wa ya mutu. Fai ya sake aiko masa a wani makokin, Njakoi ya aika da kaji biyu da goro, ya ce zuma ta ƙare.

Na sha tambayarsa ina ya samo huɗun nan. Yakan ce, "Uku na gwada, sun rame. Shida na gwada, ɓera ya yi ƙiba." Iyakar bayaninsa ke nan.

Shekaru da yawa in aka haɗa, ni na fi shi zuma. Wannan ba zan ɓoye ba, shi ma bai taɓa musu ba. Na riga shi sa kwano a rufin ɗaki, kuma Sabina ba ta bar shi ya manta ba. In ruwa ya zubo mata ta jinka sai ta ɗaga murya yadda zan ji daga gidana, "Kelese, aro mini inuwar kwanonka in tsuguna, mijina yana gina wa ƙuda bene!" Abin da ya fi ni shi ne ƙafa. Ni duk rani ina kan hanyar Ibal da kaya a ka, shi kuwa amya biyar ko shida kawai yake saukewa, sauran lokacin yana gonar masara ko yana saƙa sababbi.

Sai shekarar da ruwa ya sauko da wuri. Tun farkon Afrilu aka fara shi kamar Agusta, da iska, furen yana buɗewa ana kakkaɓe shi. Zuma ta yi ƙaranci a duk dutsen. A daidai lokacin wani ɗan kasuwa ya zo daga Bamenda da mota da manyan robobi, ya ce duk farar zumar da ke akwai yana so, kuma farashin da ya faɗa ba mu taɓa jin irinsa ba. Gari ya ruɗe. Waɗanda ma suka saba barin kaɗan, wannan karon suka kankare har gora. Ni ma haka.

Njakoi ya hau ya ɗaga amyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ji ba nauyi. Ya buɗe goma sha biyu cikin arba'in da wani abu, ya dawo da bokiti biyu. Ɗan kasuwar da kansa ya zo har gida, don an gaya masa wannan ne mai tsofaffin amyoyi. Ina wajen. Ya ce, "Ba Njakoi, an ce kana da zuma a daji kana ɓoyo. In farashi ne, faɗi naka."

Njakoi ya kara hannu a kunne ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ka ji sarai."

Ya ce, "Gaya masa ya dawo baɗi."

Ranar Sabina ba ta yi zolaya ba, fushi ta yi na gaske. Tana da gaskiyarta: yara huɗu a makaranta, ga jinka tana yoyo. Kwana biyar tana ajiye masa tuwo da ganye ba ta ce masa ci kanka ba. Ya zo wajena ya zauna muna ɓare wake, can ya ce, "In na yi kuskure, na yi. Amma na ɗaga su, Kelese, ba komai a ciki. Abin da zan yanka shi ne abincinsu duka."

Daminar ta yi tsawo, har Oktoba gajimare yana kwana a kan gonaki. Da rani ya shigo muka sauke amyoyi Ibal kamar kullum, muka shafa musu kaki, muka rataye, muka jira. Nuwamba ta wuce, Disamba ta wuce. Da can cikin sati biyu za ka ga rabi sun cika. Wannan karon sai gizo-gizo. Ƙudan da ke saukowa kwari ai daga dutse suke fitowa, kuma mun kashe na dutsen da yunwa. Cikin amya hamsin da na rataye, shida aka shiga. Wani maƙwabcinmu ko ɗaya bai samu ba, ya bar sana'ar ya koma saran katako.

Shi ma Njakoi bai tsira gaba ɗaya ba, tara suka mutu masa duk da abin da ya bari. Amma sauran suna nan, kuma da rana ta yi zafi a Fabrairu suka fara rabuwa suna fitar da sababbi. Sati biyu ina juya maganar a raina kafin na taka gidansa. Na same shi yana fere gora. Na yi gaisuwa ta fi sau uku.

Ya ce, "Kelese, gaisuwar ta isa. Me ya kawo ka?"

Na ce, "Na ga naka suna tashi."

Ya ce, "Suna tashi."

Na ce, "Ina suke sauka?"

Ya ajiye wuƙar ya dube ni, na ga dariya tana cinsa. Ya ce, "Ƙara faɗa da ƙarfi, ta wannan kunnen ka tsaya." Sai da ya sa na faɗa har Sabina ta leƙo daga madafa. Sannan ya ce akwai wani lungu a ƙasan gangarensa, bayan gonar kabewa, inda iska ba ta bugawa, nan suke fara yada zango. In kawo amyoyina in jera. Ba ni kaɗai ya gaya wa ba, mu bakwai ne muka jera a lungun. Na samu goma sha huɗu a wannan ranin. Na kai masa tulun bammi, ya sha, ya ce bai kai giyar makokin ubansa daɗi ba.

Kakar da ta biyo baya fure ya yi kyau, kuma kusan shi kaɗai ke da ƙuda masu ƙarfi a ɓangarenmu. A shekarar ya sa kwano. Ni kuma daga nan na fara barin saƙa biyu. Ya ce biyu rowa ce. Na ce huɗu almubazzaranci ne. A haka muka ci gaba.

Da ya haura sittin da biyar gwiwoyinsa suka ƙi. 'Ya'yansa maza biyu, ɗaya yana Duwala yana tuƙin mota, ɗaya malamin makaranta ne a Ndop, babu mai sha'awar harbin ƙuda. Wadda ta dawo ita ce Nene, 'yarsa ta uku, da ta yi shekaru tana ɗinki a Kumbo har idonta ya fara gajiya da allura. A zamaninmu mace ba ta hawa wajen amya, iyakarta tace zuma a gida. Nene ta ɗinka wa kanta riga mai raga a fuska, ta sa takalmin roba, ta ce a nuna mata hanya. Wasu tsofaffi suka yi gunaguni. Njakoi ya ce duk wanda abin ya dama ya ba shi aron gwiwa.

Ni na riƙa hawa da ita shekarar farko, ina nuna mata wuraren. Tana da hannu mai sanyi, ba ta firgita. Amma kanta irin na ubanta ne. Ta halarci wani taron koyarwa da aka yi wa masu zuma, ta dawo da sikeli mai ƙugiya da maganar sukari. Ta ce saƙa uku sun isa, in Agusta ta yi tsanani sai a dama sukari da ruwa a kai musu.

Uban ya ce, "Sukari? Shayi za ki haɗa musu? Ki tafi da burodi ma."

Ta ce, "Baba, kai da kafaɗa kake awo, kafaɗar kuma ta tsufa."

Ya ce, "Kafaɗar nan ce ta biya miki kuɗin koyon ɗinki."

Sabina tana gefe tana tankaɗe ta ce, "Ku ci gaba. Shekara arba'in ina jiran wanda zai gaya masa."

Suka raba amyoyin biyu don a gani, rabi a tsarinsa, rabi a nata. Ta yi ta hawa cikin ruwan Agusta da galan a baya. Sukarin ya jawo kwarkwasa ta rasa biyu, sai ta koyi zuba toka a gindin gwafar da ake ɗora amya a kai. Waɗanda suka rage sun fita damina lafiya, kuma akwai wata raunanniyar amya a rabin uban da ta ba wa sukari a ɓoye, wadda da ba ta kai Satumba ba. Ta faɗa masa daga baya. Ya ce, "Raunana kawai. Masu ƙarfi ki bar musu abinsu, sun fi ki sanin abin da suke ci." A kan haka suka tsaya: huɗu ga kowa, sukari ga wanda ya kasa.

Hawansa na ƙarshe a Yunin shekarar da ya rasu ne. Ya matsa sai ya je, Nene ta samo mai babur ya kai shi har inda hanya ta ƙare, muka riƙe shi ni da ita zuwa amyoyi uku na bakin daji. Ya zauna a kan kututture da bargo a kafaɗa, ita tana yanka, shi yana ba da umarni da muryar nan tasa, tsuntsaye suna watsewa. A amya ta uku ta ce saƙa shida ne masu zuma, za ta ɗauki biyu. Ya ce ta ɗauki ɗaya, bai yarda da kalar sararin sama ba. Ta ce sikeli ya ce biyu. Ya ce sikeli bai taɓa kwana a dutse ba. Ta ɗauki biyu, ta gutsuro masa ɗan yanki ta miƙa masa a kan ganye. Ya tsotse, ya tofar da kakin, ya ce ta yi ruwa kaɗan, amma ba laifi.

Ya rasu a Satumba, ciwon ƙirji, kwana takwas yana kwance. An yi babban makokinsa a Disamba ta shekara ta gaba, da zumar da Nene ta ware tun yankan Mayu. Sabina tana nan da ranta, ita ke tace zuma har yanzu, tana yi wa 'yar faɗa a kan ƙarancin abin da take kawowa. Nene tana da amya sittin da wani abu, mata uku na unguwarmu suna hawa tare da ita. Ni ma bara ƙafata ta gaza, na ba ta goma sha ɗaya da suka rage mini, da sharaɗin ta riƙa kawo mini kwalba biyu duk kaka. Ta ce ta ji, amma sai ta ga yadda shekarar ta kasance.